Ga ciyawa har gwiwa, amma dukushina na ɗingishi kuma fuskarsa na kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da dawakai uku a gonata a ƙasar Zazzau: ingarma, goɗiya mai ciki, da dukushi ɗan shekara biyu. Na killace musu fili, da damina a nan suke wuni suna kiwo. Da yamma kowanne yana samun dusar alkama kamar kilo 2 da gero kilo 1, kuma ina jiƙa musu kanwa a ruwan sha. Wata biyu ke nan dukushin yana ɗingishi, yau wannan ƙafa gobe waccan, karan hancinsa ya yi kauri ta ɓangare biyu, ga shi da lasar ƙasa. Wasu sun ce in ƙara kanwa, wasu sun ce a yi masa allurar ƙarin jini. Ga ciyawa har gwiwa, me kuma ya rasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da ƙarin kanwar, ka dakata da allurar. Abin da ka bayyana ya fi kama da ciwon da masu dawaki a ƙasashe da dama ke kira babban kai. Turawan da sun laƙaba masa ciwon dusa, domin an fi ganinsa a dawakin masu niƙan alkama, waɗanda dusa ta zame musu abincin safe da yamma. Kafin komai likitan dabbobi ya taɓa fuskar da hannunsa. Kumburin babban kai tauri gare shi kamar ƙashi, yana zuwa a hankali, dama da hagu daidai, ba zazzaɓi. In kumburin mai taushi ne, musamman a ramin da ke saman ido, ga zazzaɓi da numfashi sama-sama, wannan wata magana ce daban, tana iya zama annobar dawaki da ƙananan ƙwari ke yaɗawa da damina, kuma ba a kwana da ita. In ɓangare ɗaya ne kawai, a duba haƙori ko ƙurji.

Ƙashin doki da sinadarai biyu aka gina shi, kalsiyam da fosfaras. Jikinsa yana son kalsiyam ya fi yawa a abinci, kashi ɗaya da rabi zuwa biyu a kan kowane kashi ɗaya na fosfaras. In lissafin ya juye, fosfaras ya rinjaya, hanji ba ya iya tsotse ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai. Jini kuwa ba ya yarda nasa kalsiyam ya sauka, domin da shi zuciya da tsoka ke aiki, sai jiki ya shiga cin bashi daga ƙashi. Ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi ne ke fara biya. Inda aka kwashe kalsiyam sai wani nama mai jijiya-jijiya ya cike gurbin, shi ne kaurin da kake gani a karan hanci. A ƙafafu kuma wuraren da jijiyoyi suka kama ƙashi ne ke yin tsami, shi ya sa ɗingishin ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa. In abin ya yi nisa haƙora su yi girgiɗi, ya riƙa zubar da abinci yana tauna, numfashinsa ya riƙa ƙara saboda hanyar hanci ta matse. Kada gwajin jini ya ruɗe ka: sau da yawa kalsiyam na jini yakan fito daidai, tunda ƙashi ne ke ta biyan kuɗin. A kwanon abinci ake kama ɓarawon.

To mu yi lissafin kwanon naka. Da farko ka san nauyin dokin. Ka samu tef ɗin tela, ka auna kewayen ƙirji a inda majayi ke zama, sannan ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, duka da santimita. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Doki mai kewaye 165 da tsawo 150 zai ba ka kusan kilo 344. Yawancin dawakinmu tsakanin kilo 300 da 400 suke, don haka mu ɗauki 350. Irin wannan doki yana cin busasshen abinci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo 7. In ba ya aiki, buƙatarsa gram 14 na kalsiyam ce da gram 10 na fosfaras. Dukushi mai girma yana buƙatar kusan ninki biyu na wannan kalsiyam ɗin, goɗiyar da ta fara shayarwa kusan ninki uku.

Kilo ɗaya na dusar alkama yana ɗauke da fosfaras kusan gram 11, kalsiyam kuwa gram ɗaya da 'yan kai. Gero gram 3 na fosfaras ne a kilo, kalsiyam bai kai rabin gram ba, kuma dawa da masara duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Dokin da ya ci kilo 3 na dusa da gero, abin da zai ci na ciyawa bai fi kilo 4 ba in an cire ruwan jikinta, kuma daga nan zai samu kalsiyam wajen gram 14, fosfaras wajen gram 7. Tara su: kalsiyam gram 17, fosfaras gram 32. Lissafin ya kife gaba ɗaya, fosfaras ya ninka kalsiyam maimakon kalsiyam ya ninka shi. Ingarman zai iya daɗewa bai nuna ba, domin ƙashinsa ya riga ya ƙosa. Dukushi da ke kan gina nasa shi ne ya fara faɗuwa, goɗiyar ce ke bi masa.

Maganin yana kan rufin ɗakin kusan kowane manomi: harawa. Ta gyaɗa da ta wake duka suna da kalsiyam kusan gram 10 a kilo, fosfaras kuwa gram 2 kacal, ga sinadarin gina jiki da ya ninka na busasshiyar ciyawa. Ka rage dusar zuwa rabin kilo, ka bar geron a kilo 1, ka shigar da harawa kilo 2. Yanzu, da ciyawa kilo 3 da rabi, kalsiyam ya kai gram 33, fosfaras ya sauko wajen gram 18 zuwa 19, kusan biyu da ɗaya ke nan, ba tare da ka sayi komai a kantin magani ba. Dusa ba guba ba ce, abokiyar tafiya take so. Ƙa'idar da za ka riƙe: kowane kilo na dusar alkama ya tafi da kilo 3 zuwa 4 na harawa. Dusar shinkafa ta fi ta alkama fosfaras, ta masara ba ta kai ta ba, amma babu mai kalsiyam a cikinsu. Ka sayi ƙaramin sikelin ratayawa, domin mudu cika yake aunawa, mudun dusa da mudun gero ba nauyinsu ɗaya ba. Canjin kuma a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, kullum a rage kaɗan a ƙara kaɗan, don gudun ciwon ciki.

Ba kowace harawa ce harawa ba. Amfanin a ganye yake. Wadda aka ɗaure da sauran korenta, ganyen bai zube ba, ka murza ka ji ƙamshi, ita ake nema. Wadda ruwa ya doka ta yi baƙi, in ka buɗe damin ƙura mai warin ruma ta tashi, ba ta doki ba ce ko kyauta aka ba ka. Ta gyaɗa a kaɗe ta sosai, tana zuwa da ƙasa a saiwa.

In harawa ta yi tsada, kamar yadda takan yi daga tsakiyar rani, akwai garin dutsen laim da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa a buhu. Kusan kashi 38 cikin 100 nasa kalsiyam ne. Gram 40 a kan kowane kilo na dusar alkama yana daidaita ta, wato kilo 2 ɗin da kake bayarwa na buƙatar gram 80. A yayyafa wa dusar ruwa kafin a cuɗa, in ba haka ba garin ya taru a gindin kwano doki ya bar shi. In ya ƙi ci, a jiƙa ɗan mazarƙwaila a zuba. A tabbata na abincin dabbobi ne. Farar ƙasar shafen gini tana ƙona baki da ciki.

Shi dukushin lissafinsa daban ne, domin ƙashin da ya zube da sinadaran biyu ake mayar da shi. A janye masa dusa kwata-kwata, gero ya koma rabin kilo, harawa ta kai kilo 3, sauran ya cike da kiwo. Wannan zai ba shi kalsiyam wajen gram 40, amma fosfaras zai gaza kaɗan, bai fi gram 12 ko 13 ba alhali yana son wajen 16. A nan garin DCP, wani farin garin sinadari da ake sawa a abincin dabbobi, ya fi dutsen laim dacewa, shi ma a wurin masu abincin kaji ake samunsa, kuma yana ɗauke da duka biyun. Gram 30 a rana ya cike giɓin. Kada a ɗora masa sirdi, kada a yi kilisa da shi, kada a bar shi yana guje-guje da ingarma, domin ƙashin da ya yi laushi tuntuɓe kaɗan ke karya shi. Ɗingishin yakan ragu cikin makonni, amma ƙashi yana ɗaukar wata 4 zuwa shekara kafin ya koma daidai, kuma kaurin fuskar ba lallai ya baje duka ba.

Akwai abin da ba ka faɗa ba: wace ciyawa ce a filin? In ta Allah ce gauraye, gamba da harƙiya da kiri-kiri da 'yan ganyayyaki, da sauƙi. In kuwa ka shuka irin ciyawar kiwon shanu, a lura. Setariya, bafel, kikuyu, ciyawar Gini da ciyawar giwa suna ɗauke da wani sinadari, oksalet, da ke ƙulle kalsiyam ya fita a kashi ba a tsotsa ba. Saniya ba ruwanta, ƙwayoyin tumbinta suna farfasa shi kafin ya yi ɓarna. Doki ba shi da wannan gatan, domin nasa wurin narkar da ciyawar yana can baya, bayan an wuce inda ake tsotsar kalsiyam. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, inda aka shuka irin waɗannan ciyayi da yawa, dawakin da ba su taɓa ganin dusa ba suna kamuwa da babban kai, setariya ce kuma ta fi kowace muni. Sabon tohon da aka zuba wa taki ya fi haɗari. Mai irin wannan fili dole ya riƙa ba da harawa ko garin kalsiyam kullum, ko da bai ba da hatsi ko ƙwaya ɗaya ba. Mai dawakai da yawa yana iya kai samfurin ciyawarsa ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, tunda ma kusa da kai take. A yanko daga wurare goma ko fiye a filin, daidai tsayin da doki ke cizga, a gauraya.

Sai kanwa. Ta daɗe a barga, daga jar kanwa har ungurnu, kuma ba a banza ba: tana da sodiyam, wanda ciyawa ba ta da shi isasshe. Amma ba za ta gina ƙashi ba, kuma ba ta maye gurbin gishiri. Gumin doki ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. Farin da ke bushewa a gefen sirdi bayan hawa shi ne shaida. Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorayid. Kowace lita ta gumi tana fita da sodiyam wajen gram 3 da kulorayid wajen gram 5, kuma a zafin bazara dokin da ke sukuwa yana iya zubar da lita 10 ko fiye cikin awa ɗaya. Kulorayid ne ya fi zuba, shi ne kuma kanwa ba ta da shi sosai. Dokin da ya sha gumi ranar hawan sallah, a ɗura masa kanwa, an ƙara dagula masa daidaiton sinadaran jini ne, wanda gumin ya riga ya dagula. Gishiri yake so. Cokalin cin abinci biyu na gishirin girki mai aidin, kusan gram 30, a cikin abinci kullum. Ranar aiki mai gumi a ninka, a raba safe da yamma. A ajiye wani a kwano daban a inuwa, ya lasa in ya so. Dutsen lasa da kantu ba laifi, sai dai harshen doki santsi gare shi, ba kamar na saniya mai kaushi ba, da wuya ya lashi abin da zai ishe shi. Ɗan ƙaramin ƙullin kanwa jefi-jefi ba ya cutarwa, amma a daina zuba ta a ruwan da shi kaɗai ne gare su. Doki in ɗanɗanon ruwa bai yi masa ba sai ya rage sha, ƙarshenta kashi ya bushe a hanji. Yana buƙatar lita 20 ko fiye a rana yana hutawa, da zafi kuma ninki biyu.

Lasar ƙasar da ka gani tana iya zama neman gishiri, kuma sau da yawa takan tsaya cikin mako biyu da fara ba shi. A kula da ita, domin yashi na taruwa a hanji. Ga gwaji mai sauƙi: ɗebi kashinsa sabo daga sama, wanda bai taɓa ƙasa ba, ka dama da ruwa a farar leda, ka rataye ta da kusurwa ɗaya a ƙasa. Bayan minti 15 ka murza kusurwar da yatsa. In ka ji yashi ya taru, a daina zuba masa abinci a ƙasa, a daina barinsa a inda ciyawa ta ƙare yana tsintar saiwa.

Allurar ƙarin jini kuwa, wadda sinadarin ƙarfe ne a cikinta, asarar kuɗi ce, wani lokacin har da cutarwa. Dokin da ke kiwo a jar ƙasa yana cin sinadarin ƙarfe fiye da buƙatarsa, a ciyawa, a ƙura, a ruwan rijiya, kuma jikinsa ba shi da hanyar fitar da rarar. In ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, tsutsar ciki za a nema ko ciwon kaska. Waɗanda suka fi yin ƙaranci a kiwo su ne sinadaran kofa (jan ƙarfe) da zink: doki mai kilo 350 yana son miligram 70 na farko da 280 na biyu. Alamarsu akawal ya koma ja-ja kamar rana ta cinye shi, kofato ya riƙa tsagewa. Wannan ba abin aunawa da cokali ba ne, a sayi haɗin da aka yi wa dawaki, a bi abin da aka rubuta a jikinsa gwargwadon nauyi. Haɗin tumaki ba zai yi ba, da gangan ake cire masa kofa saboda yana kashe su. Sinadarin seleniyam kuma, da ake sawa a irin waɗannan haɗe-haɗen, a ji tsoronsa. Buƙatar ba ta kai miligram ɗaya a rana ba, kuma tazarar da ke tsakanin isa da guba kaɗan ce. A 2009 dawakin folo 21 suka mutu a jihar Fulorida ta Amurka sanadiyyar allurar da aka yi kuskuren cika mata seleniyam. Kada a haɗa garin bitamin da ruwan bitamin da allura a lokaci ɗaya ba a duba ko duka suna ɗauke da shi ba.

Tunda za ka shiga shagon masu abincin kaji, ka riƙe wannan da kyau: dutsen laim da DCP kawai za ka saya, zalla, daga buhunsu na asali. Kada haɗaɗɗen abincin kaji ko na turkar shanu, ko firimis ɗinsu, wato garin bitamin da sinadaran da ake haɗa musu, ya shiga bakin doki. Wasu suna ɗauke da monensin ko danginsa, maganin da ake sa wa kaji don ciwon gudawar jini, kuma gram ɗaya nasa yana iya kashe doki mai kilo 350 ta hanyar lalata masa zuciya. Ko buhun da aka zuba irin wannan abincin kada a juye dusar doki a ciki.

Duk wannan lissafin na damina ne. Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe a tsaye, sinadarin gina jikinta yakan faɗi zuwa kashi 3 ko 4 cikin 100, alhali babban doki na son 8 zuwa 10, mai girma kuma 12 ko fiye. Fosfaras ɗinta ma yana faɗuwa, a nan ne dusa ke samun ranarta: kilo 1 tare da harawa kilo 3, sauran ingirici mai kyau da aka yanka tun ciyawa ba ta yi fure ta tsufa ba. Bitamin A daga kore yake zuwa, hanta tana ajiye na 'yan watanni, zuwa bazara ya ƙare. Ɗanyar ciyawar fadama ko karas 'yan kaɗan suna taimakawa. In za a sake su a gona bayan girbi, a kiyaye gyauron dawa, yana da guba kuma yana taɓa mafitsara da ƙafafun baya na doki. Masarar da ta yi ruma ma a nisanta da su, tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Goɗiyar kada a jira ta nuna alama. A wata uku na ƙarshen ciki ne ƙashin ɗan ke ginuwa, kuma daga jikinta za a ɗiba in abinci bai kawo ba. Tun yanzu ta koma kan harawa kilo 2 zuwa 3 da rabin kilo na dusa. In ta haihu a kai harawar kilo 3 zuwa 4, dusa kilo 1, a ƙara mata DCP gram 30 zuwa 40 a rana har wata uku na farkon shayarwa su wuce, sannan a fara ragewa. Duk wata a zagaya mata tef ɗin nan, a kuma shafa karan hancinta da muƙamuƙinta da hannu biyu, a gwada da na ingarman.